Masu Duban Shekara da Maganar Hanya

Duk lokacin da shekarar nasara ta zo gangara, akwai wani irin rubutu da ke fitowa kamar shinge bayan ruwan shuka, wato rubutun masu hasashen abin da shekara mai kamawa za ta zo da shi a fagen siyasar duniya. Mujallar The Economist ta birnin Landan tana fitar da kundi guda a kan haka tun cikin shekarun 1980, wanda daga baya ta raɗa wa suna The World Ahead. Kamfanin Eurasia Group na Amurka yana jera manyan haɗurra 10 a farkon kowane watan Janairu. Masu shirya taron tattalin arziki na Davos suna da nasu rahoton, haka ma ƙungiyar International Crisis Group tana lissafa rikice-rikice 10 da take ganin ya kamata a sa wa ido. Kaɗan ne daga cikinmu ke karanta waɗannan rubuce-rubuce daga tushe, amma kusan dukkanmu muna shan romonsu, domin gidajen rediyo suna tsakuro su, masu sharhi su maimaita, malamin tarihi da labarin ƙasa ya ɗauka ya shiga aji da su. Abin da ya kai ga allo kuwa ya cancanci a zauna a tace shi, kamar yadda ake tace waƙa ko wasan kwaikwayo.

Duban shekara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, an daɗe ana bukin buɗin daji, inda masu arwa ke faɗa wa taro yadda damina za ta kasance, ko za a ga fara, ko annoba za ta taɓa mutane ko bisashe. Ba ina kiran mai karatu ya koma ga duba ba ne, gaibu na Allah ne. Abin da ya ja hankalina ga wannan al'ada shi ne sharaɗin da ke kanta: mai arwa yana magana gaban mutanen da maganar ta shafa, a kan gonakin da ya sani, kuma baɗi war haka zai sake tsayawa gaban mutanen nan su tuna masa abin da ya ce. Da wannan ma'auni nake son in auna masu duban Landan da Davos.

In aka bi ta ɓangaren cika ko rashin cikar hasashe, tarihinsu bai da wani armashi. A tsakiyar Janairun 2020 rahoton Davos ya jera haɗurra 5 da ya fi zaton aukuwarsu, dukkansu kuwa na muhalli ne da sauyin yanayi. Cututtuka masu yaɗuwa ba su shiga goman farko na abin da ake zato ba. Ba a cika wata 2 ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, ranar 11 ga Maris. Tun kafin wannan, wani masani ɗan Amurka, Philip Tetlock, ya shafe kusan shekara 20 yana tattara hasashen masana siyasa da tattalin arziki 284, ya fitar da sakamakon a 2005. Abin da ya gano shi ne, a dunƙule, ba su fi mai cankar ƙwarya da nisa ba, kuma waɗanda suka fi suna a kafafen watsa labarai, masu fassara komai da babban ra'ayi guda, su ne suka fi yawan kuskure. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa wasu daga cikin masu wannan sana'a suna da kunya: The Economist takan waiwayi hasashenta na bara ta nuna inda ta yi tuntuɓe, abin da ba kowane mai sharhi na gida ke yi ba. Kuskure a kan gobe kuma ba laifi ne da za a rataye mutum a kansa ba.

Aibin da na fi gani yana ga wurin da marubutan suke tsaye. Waɗannan rahotanni an yi su ne domin mai dukiyar da zai iya ɗauke ta daga wata ƙasa ya kai wata, da jami'in da ke tsara inda za a tura soja ko agaji. Saboda haka kalmar “haɗari” a bakinsu tana nufin haɗari ga mai kallo daga nesa. A jerin Eurasia Group na 2022 an sa Sahel tare da Afganistan da Yaman a ƙarƙashin wani take da ma'anarsa ita ce ƙasashen da suka zama wayam, a jerin 2025 kuma aka sake kawo irin wannan batu da sunan wuraren da babu mai mulkinsu. Na san abin da suke nufi, wato raunin hukuma da janyewar manyan ƙasashe, kuma ba ƙarya suka yi ba game da zubar da jini: ƙididdigar ta'addanci ta duniya ta nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a 2024 a Sahel suka mutu. Amma kalma tana da nauyinta. Wanda ya bi hanya daga Madarunfa zuwa Magarya, inda gona ke manne da gona, gari na hangen gari, zai yi mamakin jin an kira nan wayam. A wannan yanki ne manoman jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, galibi gawo da kalgo da ire-irensu, ba tare da wani kundin hasashe ya hango su ba, sai da hotunan tauraron ɗan Adam suka tona aikin cikin shekarun 2000. Idon da ya ɗauki wuri a matsayin fili, abin da zai nema a cikinsa shi ne wane ƙaƙƙarfa ya fita, wane ya shigo. Shi ya sa labarin Nijar a irin waɗannan shafuka bai cika wuce layi uku ba: sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a Agustan 2024, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024. Duka gaskiya ne, amma babu ɗaya daga ciki da ya bayyana wa magidanci dalilin da ya sa buhun shinkafa ya gagare shi.

A ganina, babban abin da ke juya siyasar duniya a ƴan shekarun nan, wanda kuma babu alamar zai saki shekara mai zuwa, shi ne rufe hanya. Bayan faɗuwar Tarayyar Sobiyet an yi shekara 30 ana koya mana cewa kaya da kuɗi za su riƙa gudana ba shamaki, kuma ciniki zai hana yaƙi. Yanzu kowane mai ƙarfi ya gano cewa mashigar da maƙwabcinsa ke bi makami ce, sau da yawa ma ta fi bindiga araha. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, tasoshin Bahar Aswad suka toshe, alkama da takin zamani suka yi tsada har a kasuwannin da ba su taɓa jin sunan Odesa ba. Yarjejeniyar fitar da hatsi da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla a Yulin 2022 shekara guda ta yi, Rasha ta janye. Daga Nuwamban 2023 mayaƙan Huti na Yaman suka shiga harbin jiragen ruwa a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, kuɗin da Masar ke samu daga mashigin Suwez ya faɗo daga sama da dalar Amurka miliyar 10 a 2023 zuwa kimanin miliyar 4 a 2024. A Afrilun 2025 shugaba Donald Trump ya ɗora haraji a kan kayan kusan kowace ƙasa, ƙasar Sin kuma ta mayar da martani da taƙaita fitar da wasu ma'adinai da ba a ƙera mota ko makami na zamani sai da su, alhali kusan duk tace su a hannunta yake. Ko rushe hukumar agaji ta USAID a 2025 wani nau'i ne na toshe magudana, domin ta nan magani da abincin yara masu tamowa suke biyowa zuwa asibitoci da yawa na Afirka. Kundayen hasashe sun ambaci kowane ɗaya daga cikin waɗannan, amma a warwatse, wannan a babin yaƙi, wancan a babin ciniki, domin sun saba rarraba duniya bisa shugabanni da zaɓuɓɓuka da tarurruka.

Mu da ba mu da teku ba mu buƙatar a haɗa mana su. Kwana 4 bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, aka daskarar da kuɗin ƙasa a babban bankin yankin, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ke ba Nijar wajen kashi 70 cikin 100 na abin da take sha. Barazanar kawo yaƙi ta cika kunnuwa a lokacin, yaƙin bai zo ba, amma rufe hanyar ya zo, ya kuma zauna wata 7, har 24 ga Fabrairun 2024. Motocin albasar Galmi da ke nufin Gana sun tsaya a kan iyaka har kayan suka ruɓe. Magunguna sun yi ƙaranci. Wanda ya ce takunkumi ya fi yaƙi sauƙi bai yi ƙarya ba, sai dai ya kamata ya faɗi a kan wa yake sauka.

Abin da ya biyo baya ya fi koyarwa, kuma nan ne nake ganin masu sharhi na waje da na gida duka suka yi gajen haƙuri. Da aka ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta ci gaba da riƙe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe cikin 2024 da 2025, bisa hujjar tsaro. Kafin rikicin, mafi yawan kayan da ƙasar ke shigowa da su ta tashar Kwatano suke biyowa, tafiyar kimanin kilomita 1000 zuwa Yamai. Sai aka karkata zuwa Lome, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori a shigo ta Tera, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, ta yankin da masu ɗauke da makamai ke kai hari. Kowane kwana da mota ta yi tana jiran ayari, mai saye a Tawa ko Damagaram ne zai biya shi. Mutane kuma ba su daina tsallaka kogin Isa ba, sun dai koma jiragen kwale-kwale. A ɗaya gefen, bututun mai na kusan kilomita 2000 da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem ba shi da mafita sai tashar Seme ta Benin. A Mayun 2024 Benin ta hana lodin man, Sin ta shiga tsakani aka yi lodin farko, a Yuni aka kama ƴan Nijar 5 a tashar, Yamai ta rufe bututun, sai a Agusta man ya sake gudana. Kowa ya riƙe maƙogwaron ɗan'uwansa, kowa kuma numfashinsa na hannun wancan. Babu wani jawabi, komai zafinsa, da zai matso da teku kusa da Dosso.

Masu tayar da ƙayar baya su ma sun karanci wannan darasi. Daga Satumban 2025 ƙungiyar JNIM ta shiga ƙona tankokin man da ke shiga Mali daga Senegal da Kot Dibuwar, har hukumomin Bamako suka rufe makarantu da jami'o'i na mako 2 a ƙarshen Oktoba saboda rashin mai. Ba su ci birnin da yaƙi ba, amma sun hana yaro zuwa aji daga nisan ɗaruruwan kilomita. A Sudan, inda zuriyar Hausawa mahajjata ta zauna tun fiye da ƙarni guda a kan tsohuwar hanyar Makka, dakarun RSF sun yi wa El Fasher ƙawanya fiye da kwana 500, har da gina ganuwar ƙasa kewaye da shi, kafin su shige shi a ƙarshen Oktoban 2025. Yunwa ta riga bindiga shiga garin.

Mutanen Damagaram sun san wannan tun kakanni. Arzikin daular a zamanin Sarki Tanimun ya tsaya ne a kan ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas zuwa Gat da Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata da gyaɗa suka juya fuska zuwa Ikko, hanyar hamada ta mutu a tsaye, kuma a 1926 Turawa suka ɗauke babban birnin mulki suka kai Yamai. Ba a ci Damagaram da yaƙi a wannan karon ba, hanya ce kawai ta kauce mata.

Akwai kuma wata hanya da kundayen waje ba su cika gani ba sam, domin ba ta bi ta ofishin duwan. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, bayan makonni kaɗan aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗo daga wajen 460 a kan dalar Amurka zuwa fiye da 1500 a cikin 2024. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa ne ke shayar da babura da motocin kudancin Nijar da man Najeriya mai arha. Da arhar ta ƙare, jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ mai tace ganga 20000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin, aka ga dogayen layuka a Maris na 2025, har sai da aka nemi tankoki daga Najeriyar. Faɗuwar naira kuma ta sauya lissafin duk mai kai rago ko wake Jibiya da Mai'aduwa, da duk ɗan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida. Maraɗi ta riga ta ɗanɗana irin wannan lokacin da shugaba Muhammadu Buhari ya rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ga mazaunin Maraɗi ko Ƙonni, shawarar da aka yanke a Abuja takan fi wadda aka yanke a Paris ko Mosko saurin isowa tukunya.

Wannan ya kawo ni ga namu masu duban, na rediyo da talabijin da saƙonnin murya na WhatsApp. Ciwon da na zargi na waje da shi, shi ne ke damun su, sai dai sun juya rigar. Su ma duniya a wurinsu fili ce ta ƙarfafa, Faransa ta fita, Rasha ko Turkiyya ta shigo, saura kuma tafi ko zagi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, da kafa tarayyar AES a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, manyan al'amura ne, kuma ƙishin ƴanci da ke bayansu na gaske ne, ba wanda ya rayu a ƙasar nan da zai musa shi. Amma ƙasashen uku duka ba su da teku, sun haɗa kai ne su uku a ɗaki mai ƙofofi a hannun wasu. An mayar da kamfanin Somaïr na Arlit mallakar ƙasa a Yunin 2025, to amma uraniyom sai ya bi hanya ya kai tashar ruwa kafin ya zama kuɗin albashi. Mai sharhin da ya yi awa guda yana maganar diyauci bai ambaci tashar Lome ko hanyar Tera ba, ya bar rabin maganar a gida.

In ana neman misalin hasashe mai amfani, yana nan kusa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana tara masana yanayi na yankin kafin kowace damina su fitar da hasashen ruwa. Ba su cewa abu kaza zai faru tabbas, suna ba da rinjayen zato ne yanki yanki, kuma kaka na zuwa kowa ya ga ko sun dace. A 2024 sun yi gargaɗin ruwa fiye da na al'ada, aka kuwa same shi: ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan guda, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai a Agusta, aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Su ne suka fi cika sharaɗin Masalata, domin suna faɗin abin da za a iya aunawa ga mutanen da zai shafa, kuma suna nan ba su gudu ba. Abin takaici, sanarwarsu ba ta samun rabin kunnen da ake ba jerin haɗurra 10 na wani kamfanin Amurka.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da nasu kaso a wannan lissafi, ko ba su so. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, a watan da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ga waɗanda suka yi hidimar koyarwa cikin harsunan gida tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, wannan labari ne babba, ko da yake yana buƙatar a tafi da shi cikin hikima saboda masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauransu. Amma doka ba ta buga littafi. Kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kowane ɗayansu yana buƙatar littafi da alli da takarda, takardar kuwa daga tashar ruwa take zuwa, a bayan mota, cikin ayari. Littattafan Hausa mafi kusa da mafi arha suna Kano da Zariya, wato bayan wata iyaka da aka rufe sau biyu tsakanin 2019 da 2024, kuma da rubutun da ya ɗan saɓa wa namu a wasu haruffa.

Saboda haka in na buɗe kundin hasashe na bana, zan karanta shi, domin sanin abin da masu dukiya ke tsoro shi ma ilimi ne. Amma alƙalamina zai tsaya ne a kan gadar Gaya, da ayarin Tera, da canjin naira a kasuwar Maraɗi, da abin da masana ruwa za su ce kafin shuka. Zan kuma sa ido a kan layin dogo na kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. In ya iso, zai zama karo na farko da jirgin ƙasa ya haɗa wani birnin Nijar da teku, kuma mabuɗinsa zai kasance a Abuja. Akwai dai wani layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bukin buɗe shi a Janairun 2016 da niyyar ya kai Kwatano, amma bai wuce Dosso ba, bai kuwa yi jigilar fatake ba.